Jirgin ƙasa a finafinan kaboyi: jarumi ne ko shi ne bos?

Kawu Kaboyi: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare na sake zama na kalli Once Upon a Time in the West, wanda Sergio Leone ya yi a 1968, wlh ban san sau nawa na kalle shi ba tun zamanin kaset, amma sai jiya wani abu ya faɗo min. Duk shekarun nan ina ɗauka Frank ne bos ɗin fim ɗin, wato Henry Fonda mai shuɗin ido da ya harbe ƙaramin yaro, ashe shi ma ɗan aike ne kawai, bos na gaskiya shi ne layin dogon da ake shimfiɗawa. Ku duba fa, an kashe manomin nan McBain da 'ya'yansa kaf ba don wata tsohuwar gaba ba, don filinsa ne kaɗai ke da ruwa a yankin kuma dole jirgi ya bi ta nan. Daga nan na fara lissafa sauran finafinan kaboyi sai na ga kusan duk inda jirgin ƙasa ya shigo gari to masifa ce ya sauke. Wa ya yarda wa bai yarda ba?

Ɗan Fagge: Kawu ina kwana. Ban yarda ba, amma bari in karya tukuna in dawo maka da hujja

Autan Mama: ni dai farkon fim ɗin nan ya kusa sa ni barci, mutum uku zaune a tasha fiye da minti goma ba wanda ya ce uffan, ɗaya yana faɗa da ƙuda hhh

Kawu Kaboyi: Auta kai yaro ne, ai wurin nan shi ne fim ɗin. Jack Elam ya kama ƙudan a cikin bakin bindigarsa ya toshe da yatsa yana sauraren kukansa, Woody Strode ruwa na ɗiga masa a kan hula har ya taru ya sha, ga injin iskan nan yana ta ƙiiƙii ba kiɗa ba komai. Jira suke. Da jirgin ya iso da ƙararsa sai da na zabura duk da na san zai zo. Ya tsaya, aka jefo kaya, ba wanda ya sauka, har sun juya za su tafi sai jirgin ya ja, ashe Charles Bronson yana tsaye a ɗaya gefen yana busa hamonikarsa. Jirgin ne labulen da aka yaye.

Baba Reluwe: Wa alaikumus salam. Malam Kawu ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mahaifina Allah ya jiƙansa a kan jirgi mai kwal ya yi aiki, ni kuma na tarar da na dizal, to maganar ruwan nan da ka yi ba ƙagen fim ba ce. Kan jirgi mai tururi tukunya ce babba a kwance, ana hura mata wuta ta baya, ruwa ya tafasa, tururin ya tura fistin, fistin ya juya ƙafa. Tururin da ya gama aiki ta bututun hayaƙi yake fita ya tafi ke nan ba ya dawowa, shi ne wannan cuku cuku da kuke ji. Saboda haka jirgi ya fi shan ruwa nesa ba kusa ba a kan abin da yake ci na kwal ko itace, dole a kafa tankin ruwa a kan hanya jefi jefi. Wanda yake da rijiya a hamada kuma layi zai bi ta gabansa, ai ya fi mai zinariya. McBain ba wawa ba ne, lissafinsa daidai ne, abin da bai lissafa ba shi ne irin mutanen da zai yi ciniki da su.

Maman Hanif: Baba Allah ya ƙara lafiya, ashe shi ya sa kullum a finafinan nan sai ka ga wani ƙaton tanki na katako a bakin tasha, ni na zaci ado ne

Baba Reluwe: Amin 'yata. Ba ado ba ne. Haka shi ma faffaɗan bututun nan mai kama da mazurari, na masu cin itace ne, akwai ragar waya a ciki da take tare tartsatsi kar ya tashi gobara a ciyawa ko a rufin taragu. Ƙarfen nan mai tsini na gaba kuma don ture dabba ne daga kan layi, don filin ba shinge.

Ɗan Fagge: To na dawo. Kawu da girmanka amma ka juya maganar ne. In ba jirgin ƙasa ai babu kaboyi ma sam. Mene ne aikin kaboyi? kora shanu. Ina yake kora su? tashar jirgi. Bayan yaƙin basasar Amurka shanu sun yi yawa a Texas ba su da daraja, a biranen arewa da gabas kuma nama na tsada, sai wani ɗan kasuwa Joseph McCoy ya je Abilene a jihar Kansas a 1867 ya gina wurin tara shanu a bakin layi, daga nan aka fara koro garke ta hanyar Chisholm wata biyu ko uku ana tafiya. Ka kalli Red River na 1948, John Wayne da Montgomery Clift, cikin rigimarsu har da ina za a kai shanun, Missouri ko Abilene da ake raɗe raɗin jirgi ya iso amma ba wanda ya gani da idonsa. Da suka ji kukan jirgin daga nesa ka ga murna kamar an yi musu bushara da aljanna. A nan ina masifar? Jirgin ne ya cece su.

Kawu Kaboyi: Hmm. Red River na yarda. Amma ci gaba da labarin mana ƙanina, kar ka tsaya inda ya yi maka daɗi. Da layin ya shiga Texas ɗin kanta wa ya ƙara buƙatar mai korar shanu wata uku?

Ɗan Fagge: eh to, da wayar ƙaya da manoma suka riƙa zagaye gonaki da ita, ba jirgi kaɗai ba

Kawu Kaboyi: Ka ga ni. Shi ya haife su shi ya binne su, duka duka abin bai wuce shekara ashirin ba

Alhaji Na Kara: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba mai kallon fim ba ne sosai, yarana suka sa ni a gidan nan. Amma abin da kuke faɗa haka ya faru da kakanninmu, da ƙafa ake kora shanu kudu, aka zo ana loda su a tarago daga Kano da Nguru, yanzu kuma tirela. Kowanne ya zo sai ya kashe wa wani kasuwa.

Malam Ticha: Bari in kawo tarihin don a san kan maganar. Lincoln ne ya sa hannu a dokar gina layin da zai ratsa ƙasar a 1862, ana tsakiyar yaƙi. Kamfani biyu, Central Pacific daga Sacramento ta yamma, Union Pacific daga wajen Omaha ta gabas, suka haɗu a Promontory Summit a Utah ranar 10 ga Mayu 1869 aka buga ƙusar zinariya. Gwamnati tana ba su lamuni a kan kowane mil, dala 16,000 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, har dala 48,000 a cikin duwatsu, ga kuma filaye kyauta hagu da dama na layin. To ku auna, kuɗi a kan mil ne, wa zai tsaya jiran wani manomi ko wata ƙabila su yarda? A 1872 kuma badaƙalar Crédit Mobilier ta fashe, aka gano manyan Union Pacific sun kafa kamfanin kwangila nasu suna ba kansu aiki a kan kuɗi mai yawa suna raba wa 'yan majalisa hannun jari. Don haka Morton ɗin nan na fim ɗin Leone, gurgun attajirin nan mai kamfanin jirgin da ke zaune a taragonsa na alfarma yana kallon hoton teku, ba daga sama aka ɗauko shi ba.

Autan Mama: kwangila da 'yan majalisa, ashe abin daɗaɗɗe ne 😂

Malam Ticha: Abin da nake so Kawu da Ɗan Fagge su lura shi ne ku biyun kuna da gaskiya amma a zamani daban. The Iron Horse na John Ford 1924, da Union Pacific na Cecil B. DeMille 1939, a cikinsu jirgi shi ne ci gaba, masu hana shi wucewa su ne mugaye. Dodge City na 1939 ma da tsere aka buɗe tsakanin jirgi da keken doki, jirgi ya ci. Amma a wannan shekarar dai ta 1939 aka yi Jesse James inda wakilan kamfanin jirgi ke ƙwace gonakin talakawa, ɗan fashin ya zama jarumi. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 an gama yarda kamfanin jirgi mugu ne, a The Wild Bunch ma su suka ɗauko 'yan iskan da ke farautar mutane don lada.

Kawu Kaboyi: Malam kar ka raba mana gardama da wuri haka, ku biyun kuna da gaskiya ɗin nan maganar alkalin da ya ci goron kowa ce hhh

Maman Hanif: Ni duk kun tsaya kan kamfani da shanu, ba wanda ya ambaci High Noon. Mijina ya sa ni kallonsa dole ranar wata Asabar, baƙi da fari ne na ce kai ni ba zan iya ba, ƙarshe ni ce na hana shi tashi ya ɗauko ruwa. Ranar aurensa fa, Gary Cooper ya ajiye aikin marshal, wato ɗan dokan gari, ke nan aka kawo labari mutumin da ya tura kurkuku an sake shi yana cikin jirgin ƙarfe goma sha biyun rana. Shi ke nan, fim ɗin ya koma agogo da layin dogo, a nuna maka agogo a nuna maka layin nan miƙe ba komai a kansa, shi kuma yana bi gida gida har coci yana neman mai taya shi kowa yana zamewa. Jirgin bai yi komai ba fa, zuwa kawai zai yi a kan lokaci, kuma wannan ne abin tsoron. Doki za ka iya cewa ƙila ya gaji a hanya.

Baba Reluwe: 'Yata kin faɗi magana. Kafin jirgi kowane gari da agogonsa, rana ta take tsaka a ce sha biyu ta yi. Kamfanonin jirgin Amurka ne suka tsara lokaci ɗaya na shiyya shiyya a Nuwamba 1883 don kar jirage su yi karo. Mu ma mahaifina agogon aljihunsa ya fi kula da shi a kan rigarsa.

Maman Hanif: Kuma ku lura da matan. Amaryar, Grace Kelly, ta riga ta hau jirgin za ta bar shi don addininta bai yarda da faɗa ba, tana jin harbin farko ta diro ta koma gari da gudu, ita ce ma ta harbe ɗaya ta baya. Ɗayar kuma Helen Ramirez ta sayar da dukiyarta ta zauna a jirgin ta tafi abinta don ta riga ta san halin mutanen garin. Haka Jill, amaryar McBain, a fim ɗin da Kawu ya kawo, jirgi ne ya sauke ta daga New Orleans ba wanda ya zo tarbarta. Ga maza jirgi masifa yake kawowa, ga matan nan kuwa shi ne ƙofar shiga da fita

Ɗan Fagge: Hajiya kin taimake ni. Kuma ƙarshen fim ɗin Leone ɗin wa ya ci riba? Jill ce, tana raba wa leburori ruwa, tasha ta tashi, gari ya kafu. Frank ya mutu, Morton ya mutu da fuskarsa a bakin wani ɗan kududdufi bai ga tekun ba

Kawu Kaboyi: Cheyenne ɗan fashin nan na fim ɗin ma ya mutu, Bronson ya ɗauki gawarsa a doki ya bar wurin don ba shi da mazauni a garin. Duk masu bindiga sun ƙare, na kirki da na banza, jirgin ko tsayawa bai yi ba. Wannan ai shi ne bos ɗin da ba a kashewa

Autan Mama: tambaya, wai da gaske doki zai iya kamo jirgi a guje mutum ya yi tsalle ya kama? don a Sholay ma haka 'yan fashi suka bi jirgin Thakur a kan dawakai Amitabh da Dharmendra suna ta harbinsu

Ɗan Fagge: Auta sai da ka kawo Indiya 😂 amma ba ka yi ƙarya ba, Sholay 1975 kaboyi ne da rigar Indiya, kisan iyalan Thakur ma in ka ajiye shi kusa da kisan iyalan McBain za ka ga inda aka leƙa

Baba Reluwe: Ɗana, a hawa ko a kwana jirgi mai kaya yana rage gudu sosai, doki mai ƙarfi zai iya jerawa da shi na ɗan lokaci. Amma gefen layi duk tsakuwa ne da katakon da aka ɗora ƙarfen a kai, dokin da ya sa ƙafa a nan a guje sai dai a yanka. Mai hankali ba zai bi jirgi ba, jira zai yi a wurin shan ruwa inda dole ya tsaya.

Malam Ticha: Haka 'yan fashin gaske suka yi kuwa. 'Yan gidan Reno a Indiana, Oktoba 1866, a matsayin fasinja suka hau. Su Jesse James a Adair ta jihar Iowa, Yuli 1873, ƙarfen layin suka kwance suka ja shi da igiya, kan jirgin ya kife direban ya mutu, wannan ba ya cikin labarin jarumtar da ake ba shi. Mutanen Butch Cassidy a Wilcox ta Wyoming, Yuni 1899, fitila suka ɗaga da dare kamar akwai haɗari a gaba jirgi ya tsaya, suka sa nakiya a taragon kuɗi ya tarwatse. Wurin nan a fim ɗin Butch Cassidy and the Sundance Kid na Paul Newman da Robert Redford na 1969 da nakiya ta yi yawa kuɗi suka tashi sama kamar ganye, daga nan tushensa yake.

Autan Mama: ni ma'aikacin nan Woodcock ne ya ba ni dariya, ana ce masa ya buɗe ƙofa za a tashe shi da nakiya shi kuma yana ta kiran sunan mai gidansa Harriman, kai ka ce gadon ubansa ne a ciki

Baba Reluwe: Kar ka yi masa dariya ɗana, amana ce. Na san irinsu.

Yaya Sabo: Na makara ban ga farkon hirar ba. An ambaci 3:10 to Yuma kuwa? Na 1957 nake nufi, Glenn Ford da Van Heflin. Talakan makiyayi fari ya ci shanunsa ya karɓi dala 200 don ya raka ɗan fashi tasha, rabin fim ɗin a ɗakin otal a Contention suna jiran jirgin uku da minti goma, ɗan fashin yana kwance a gado yana ta yi masa tayin kuɗi a hankali cikin daɗin baki, yaransa kuma sun cika gari. A nan jirgin shi ne doka, in an kai shi an tsira. Har ruwan sama ya sauko suna hawa. Sabon na 2007 ne suka ɓata da suka kashe mutumin a bakin jirgi

Autan Mama: haba Yaya Sabo ni fa ban kalli na Russell Crowe ɗin ba ka gama min da shi

Yaya Sabo: fim ɗin ya kusa shekara ashirin, laifinka ne

Ɗan Fagge: Kawu ka ƙirga, Red River, Yuma, biyu ke nan

Malam Ticha: Akwai waɗanda ba a tambaya ba a ƙirgar nan. Mafi yawan leburorin Central Pacific 'yan Sin ne, su suka fasa duwatsun Sierra Nevada cikin ƙanƙara a kan albashin da bai kai na Turawa ba, amma sanannen hoton ranar bikin 1869 da ƙyar ka ga fuskarsu, a finafinai kuma sai dai ka gan su suna wanki ko girki. Sai 'yan asalin ƙasar, waɗanda muka tashi muna ce wa Indiyawan daji muna tafi a silima in an harbo su daga doki. Layin ya ratsa makiyayar baunar da suke rayuwa a kanta, Buffalo Bill ma sunansa ya samo ne daga harbin bauna don ciyar da leburorin Kansas Pacific, daga baya aka riƙa lodin fatu a tarago, dabbar da take miliyoyi ta koma 'yan ɗaruruwa a daji kafin 1890. 'Yan ƙabilar Cheyenne da suka kifar da jirgi a Plum Creek a 1867 sun san abin da suke yaƙa.

Kawu Kaboyi: Wallahi mun yi tafin nan, ni da kaina a Plaza. Ƙanina ka ƙirga wannan ma

Ɗan Fagge: wannan kam ba ni da amsa. Amma mutane ne suka yi, ƙarfe bai san komai ba

Baba Reluwe: Ni abin da ke hana ni jin daɗin finafinan kaboyi na Italiyan nan irin na Leone ɗaya ne, idona ba ya barin ƙasan jirgin. A Sifen suka ɗauki yawancinsu, wajen Almería da Guadix, jiragen Sifen ne aka liƙa musu bututu da ƙarfen gaba. Ka duba ƙarshen tarago za ka ga faranti biyu na ƙarfe da suke haɗuwa in an taka birki, wannan tsarin Turai ne, Amurkawa ba su yi amfani da shi ba. Layin ma ya fi faɗi, na Sifen milimita 1668 ne, na Amurka 1435, namu tsohon 1067. Wurin da Tuco ya ɗora sarƙar ankwarsa a kan layi jirgi ya yanke masa a The Good, the Bad and the Ugly, kowa na ihu ni ina auna faɗin layi. Matata ta ce in haka zan riƙa yi in daina zama da su.

Maman Hanif: Baba gaskiyar Mama ce 😂

Malam Ticha: Tun na farkon ma haka ne Baba, The Great Train Robbery na 1903, minti goma sha biyu ne kacal, a New Jersey aka ɗauke shi can gabas kusa da New York. Kan jirgin High Noon kuma Sierra mai lamba 3 ne, ƙirar 1891, shi ne dai kuka gani a Back to the Future na uku, har yanzu yana Jamestown a California.

Autan Mama: dakata, wanda ya tura motar ya faɗa rami? ai ya fashe

Yaya Sabo: ƙaramin samfuri suka jefa Auta, wa zai ba ka na gaske ka fasa

Malam Ticha: Buster Keaton ya jefa na gaske a kogi daga kan gada a The General, 1926, a Oregon, kuma ya zauna a ruwan har lokacin yaƙin duniya na biyu da aka kwashe ƙarfen.

Kawu Kaboyi: To ni dai ban janye ba. Daren Juma'a kowa ya nemi The Man Who Shot Liberty Valance, da jirgi aka buɗe da jirgi aka rufe, ku lura da fuskar James Stewart a cikin taragon a ƙarshe sannan mu dawo. Ɗan Fagge kai musamman

Ɗan Fagge: in an kawo wuta

Autan Mama: shi ma baƙi da fari ne?